Hatimin Mattes a Hasumiyar Kitse

Ranar Lahadi, tun rana ba ta gama leƙowa ta bayan tsauni ba, Rosina Wonner ta zaro mabuɗin hasumiya daga ƙusar da ke bayan ƙofa, ta jefa wuƙa a aljihun rigar aikinta, ta nufi coci. Ba amfani za ta yi da wuƙar ba, ta kuma sani. Hannu ne kawai ya saba.

Hasumiyar cocin ta girmi kowa da komai a ƙauyen. Kakannin kakanni ne suka gina ta tun zamanin hare-hare, kaurin bangonta ya isa ƙato ya miƙe a kai ya yi barci, cikinta kuwa sanyi ƙalau ko da ana tsakiyar zafi. Shi ya sa kowane gida, in ya yanka aladensa ya sa wa ɓarin kitsen gishiri ya ƙyafe shi, sai ya kai can sama ya rataye. Lahadi kaɗai ake buɗewa. Kowa ya yanki abin da zai ishe shi mako, sannan ya danna hatimin gidansu a bakin yankan, don in wani ya yi satar yanka a gane. Dattawa sukan ce ba wai ana zargin kowa ba ne, amma dai a danna.

Rosina ta hau matakalar katakon tana dafa bango, tana tsayawa tana maida numfashi. A sama ƙugiyoyi ne jere reras a jikin gungume, kowace da gidan da ya gaje ta. Duk gidajen babu kowa. Tun da aka buɗe iyaka mutanenta, Jamusawan da suka gaji wannan ƙauye na ƙasar Romaniya, suka kwashe suka yi Jamus, gida bayan gida, har da masu rantsuwar cewa sai dai gawarsu. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma waɗannan ba su yarda ba: duk shekara sai su dawo da manyan motoci, su ɗauki hoto a gindin hasumiya, su share ƙwalla, su koma. Ƙugiya ɗaya tak ke da kaya, ta gidan Wonner.

Ta tsaya gaban ɓarin kitsen, ta juya shi wajen hasken ƴar tagar. Hatimin yana nan, kofaton doki da ɗigo a tsaki. Ya ɗan karkace, don ranar da mijinta Mattes ya danna shi hawan ya wahalar da shi, yana ta haki. A gefen hatimin akwai ɗan loɓi, inda ya tokare da babban yatsansa don kada ɓarin ya yi lilo.

Ranar ta ce masa, "Kai dai da son wahala. Daga ni sai kai muka rage, wa zai sata?"

Ya ce, "Ai ke nake tsoro."

Larabar da ta biyo yana faskare a bayan gida, ya zauna a kan kututture kamar zai huta, bai sake tashi ba. Fasto ya zo daga birni ya yi abin da ya dace, ƴan Jamus suka yi ta bugo waya suna kuka, ita tana ba su haƙuri. Ba ta yi kuka ba, ba kuma ƙarfin hali ba ne. Ta laluba cikinta ta nemi kukan, ta tarar babu, babu baƙin ciki, babu komai. Tun daga nan take tashi, ta ba kaji hatsi, ta ba Lupu tsohon karen Mattes abinci, ta zauna. Lahadi kuma ta hau nan, ta dubi hatimin, ta sa yatsanta a loɓin nan, ta sauka. Ba ta yanka ba ko sau ɗaya, don yankan farko da hatimin zai tafi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Veta maƙwabciyarta ce kaɗai ta gano, ƴar Romaniya mai faɗin jiki wadda bakinta ba ya hutawa ko tana tauna. Ta lura Rosina tana hawa da wuƙa tana saukowa hannu rabbana, ba ta ce uffan ba, abin da ya fi ƙarfinta kenan a duniya. Sai dai ta riƙa miƙo cuku da ƙwai ta kan shinge tana cewa kajinta sun haukace da saka.

Da ƙanƙara ta narke hanya ta buɗe, sai ga wata farar mota a ƙofar coci. Wata mata ta fito da hular kwano a hannu, ta ce sunanta Ilinca, daga ofishin kula da kayan tarihi. Allon ƙarfen da ke cewa gwamnati ce ke kare ginin ya daɗe a jikin bango, har ya yi tsatsa ba a taɓa ganin mai shi ba. Yau dai ga shi ya aiko. Rosina ta buɗe mata, Veta ta biyo su ba wanda ya gayyace ta.

Ilinca ta kifa hularta, ta zagaya ɗakin saman a hankali, tana shafa itace kamar mai duba marar lafiya. Da ta zo kan ɓarin kitsen ta tsaya, ta dubi hatimin, ta cire hularta.

Ta kira ta Tanti, wato inna, ta ce, "Tanti Rosina, ban zaci akwai inda ake yi har yanzu ba. A littafi kawai na sani."

Rosina ta ce, "To ga shi kin gani."

"Za mu gyara hasumiyar, tun daga rufi har ƙasa. Dole a sauke komai kafin magina su zo." Ta murza hular a hannunta. "Kuma in an gama, nama ba zai koma ba. Kitsen yana jiƙa itace, yana jawo ɓeraye. Za mu rataye na roba don baƙi su ga yadda ake yi a da."

Veta ta tafa hannu. "A da! Kin ji, maƙwabciya, mun zama a da muna tsaye da ƙafafunmu. Ke ƴar nan, shekara aru-aru kitse yana ɗiga a nan hasumiya ba ta faɗi ba, sai yau da kika zo da hularki? Na roba kuma! To ku ƙera mana tsofaffin roba ku zaunar a coci, sun ma fi mu sauƙin riƙo, ba sa tari."

Ilinca ba ta yi fushi ba. Ta nemi aron wuƙar Rosina, ta soka a gungumen da ke saman kansu. Wuƙar ta shige kamar a burodi, gari ya zubo wa Veta a kafaɗa.

"Wannan ruwan sama ne ya cinye shi, ba kitse ba, gaskiya. Amma in ƙanƙara ta sake zuba masa sau ɗaya, a kan wani zai sauko. Maganar naman kuma doka ce, ba ni na yi ta ba, ba ni kuma da ikon sake ta. Ki yi haƙuri, Tanti."

Veta ta karkaɗe kafaɗarta tana gunaguni, ta matsa daga ƙarƙashin gungumen. Duka biyun suka zuba wa Rosina ido suna jiran ta yi faɗa, ko ta roƙa, ko dai wani abu. Ita ma ta jira ta ji ko wani abu zai taso mata. Bai taso ba.

Ta ce, "To."

Erwin ɗanta ya iso ana jibi magina za su fara. Veta ce ta buga masa waya, don Rosina ba za ta iya sauko da ɓarin ita kaɗai ba. Ya bar ƙauyen yana saurayi, yanzu furfura ta cinye rabin kansa, ga tumbi. Mutumin kirki ne, mai son a gama abu da wuri. Tun bai ajiye jaka ba ya fara tsohon zancensa.

"Mama, ɗakin yana nan na gyara miki, da tagarsa tana kallon lambu. Asibiti kusa, coci kusa, rabin mutanen ƙauyen nan suna layinmu. Me kika zauna yi a nan? Gadin wa kike?"

Ta ce, "Ka ci abinci a hanya?"

"Kullum haka, in yi gabas ki yi yamma."

Washegari da safe suka hau tare. Erwin ya shaƙi warin hayaƙi da gishiri ya lumshe ido, ya ce wannan warin ko a kabari zai gane shi. Ya tuna yadda yara suke tsayawa a ƙasa suna jiran a jeho musu ɓawon fata, ya tuna wanda ya taɓa zamewa a matakala ya gangaro rungume da kitsensa bai saki ba. Yana dariya ya cire ɓarin daga ƙugiya ya saɓa a kafaɗa. Rosina ta bi bakin yankan da ido.

Ta ce, "A hankali."

"Haba Mama, ba jariri ba ne."

A gindin hasumiya suka tarar da Ilinca tana jira. Ta roƙi Rosina ta koma sama da ita ta nuna mata wace ƙugiya ce ta wane gida, don za a ciccire su, kuma tana so a mayar da kowace inda take. Rosina ta ce wa Erwin ya ajiye a kan teburin kicin, tana zuwa. Iyakar abin da ta ce kenan. Da ta ƙara kalma biyu da shi kenan, amma ta daɗe da daina ƙara kalma a kan abin da ya zama dole.

Aikin ya ɗauki lokaci. Ta bi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya tana kiran gidajen: wannan ta su Depner, wannan ta maƙeri, wannan ta matar da ta haifi tagwaye sau biyu, wannan ta mutumin da ake cewa yana auna kitsensa da zare saboda ko hatimin kansa bai yarda da shi ba. Ilinca tana ɗaura wa kowace alama. Sunayen suna fitowa daga bakin Rosina sumul, ba ta manta ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya motsa mata rai.

Rana ta kusa tsaka ta dawo gida. A tsakar gida Lupu yana kwance ya danne wani abu da ƙafafun gaba, yana gaigaya da sauran haƙoransa, yana kaɗa wutsiya. Ta wuce shi ta shiga kicin.

Erwin ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Ya yanka burodi, ya yayyanka jar albasa, ya jera kitsen siri-siri a kan faranti, fari tas da jan layi a tsaki. Ɓarin yana gefe, bakinsa sabo, sumul, yana ƙyalli. Veta tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon cuku a hannu, da alama yanzu ta shigo, bakinta a buɗe.

Erwin ya ce, "Zauna, Mama. Yau ni ne mai gida. Kin rame, Tanti Veta ta ce burodi da albasa kawai kike ci, ga kuma abinci rataye a sama yana tsufa."

Rosina ta ce, "Bakin fa?"

"Wane baki?"

"Bakin yankan."

"Au, wannan? Ya bushe ya yi baƙi, wuƙa ma da ƙyar ta shiga. Na jefa wa Lupu." Ya dube ta, ya ga tana kallon ɓarin, ya yi dariya. "Hatimi kike nema? In kina so sai a sake dannawa. Amma Mama, tsakani da Allah, wa zai sata?"

Veta ta ja numfashi, ta buɗe baki da niyyar sauke masa kwandon bala'i. Rosina ta ɗaga ido ta dube ta. Kallo ɗaya, Veta ta haɗiye maganarta, ta dangwarar da kwanon a kan tebur, ta fita tana share hanci da gefen ɗankwali. Yaron bai yi laifi ba. Abin da kowane mai hankali yake yi da busasshen baki ya yi, kuma uwarsa yake so ta ci.

Rosina ta ce, "Haka ne."

Ta ja kujera ta zauna. Ta ɗora kitse a kan burodi, ta ɗora albasa, ta kai baki. Erwin yana ci yana lumshe ido, yana cewa duk Jamus ba mai iya ƙyafe kitse kamar Baba, hannunsa daban ne. Ta tauna, ta haɗiye, ta ƙara. Ta san akwai gishiri a ciki, akwai hayaƙi, amma bakinta bai gaya mata ba. Ta taga tana hango Lupu ya gama, yana lasar ƙasa.

Da yamma Erwin ya sake tayar da zancen ɗaki mai taga. Ya shirya doguwar muhawara, har ya gyara zama. Ta ce masa in an gama gyaran hasumiya ya zo ya ɗauke ta. Ya yi sororo, sannan ya rungume ta yana murna, ya fita waje ya buga wa matarsa waya.

Magina suka zo suka kewaye hasumiyar da ƙarafa, suka yi ta bugu har zafi ya wuce. Rosina ta cinye sauran kitsen kaɗan-kaɗan, tunda abinci ne, ta ba Veta rabi. Veta ta karɓa ba ta yi ko wasa ɗaya ba. Ran Lahadi Rosina takan zaro mabuɗin daga ƙusa, ta tuna ƙofar a buɗe take magina sun cire ta, ta mayar. Ta raba kajinta, ta bar wa Veta kare.

"Ni za ki bar wa wannan ɓarawon?" in ji Veta. "To wallahi ɓawon dankali zai ci har ya mutu."

Rosina ta ce, "Yana son a jiƙa masa burodi, haƙoransa sun ƙare."

"Ke dai maƙwabciya, ki zage shi mana ko sau ɗaya! Ki zage ni, ki zagi ɗanki, ki zagi mai hula. Mutum ya zauna kamar tulu?"

Rosina ta dube ta, ta so ta yi mata abin da take so, ta rasa ta inda za ta fara.

Ganye ya fara zuba aka kwance ƙarafan. Hasumiyar ta fito fes, an yi mata sabon rufi ja, an sake allon ƙarfen da wani mai sheƙi, cikin harsuna uku. Erwin ya zo da motarsa, ya loda akwatuna. Ranar tafiya da safe Rosina ta je miƙa mabuɗi. Ilinca ta riga ta roƙe ta hatimin gidan Wonner, a sa shi a akwatin gilashi a ƙasa, don shi kaɗai ya rage a ƙauyen, sauran duk suna Jamus a cikin durowa. Rosina ta zo da shi a aljihu, ɗan guntun katako da hannun mutanen gidan ya goge har ya yi santsi.

Ta ce, "Bari in hau tukun."

Ilinca ta ce, "Hau, Tanti. Ina nan ƙasa."

An sake matakala, an yi mata abin dafawa, an sa fitila. Ɗakin sama yana warin sabon katako da fenti. Kowace ƙugiya tana inda take, Ilinca ta cika alkawari, kuma a karon farko tun da aka buɗe iyaka duk suna da kaya. Ɓari-ɓari na roba sun cika gungumen, ruwan ƙasa a baya, fari a ciki, har da jan layin. Wanda ya ƙera su ya iya aikinsa. Sai dai bakinsu duka sumul yake, na Depner da na maƙeri da na kowa, ba hatimi ko ɗaya. An ja igiya a gabansu, an rataye ɗan allo da hoton hannu da aka soke da jan layi.

Rosina ta ɗaga igiyar ta sunkuya ta shige. Ta je gaban ƙugiyar gidan Wonner. Ta kama ɓarin, ta ji shi sakayau kamar ba komai, ta juya shi wajen ƴar tagar. Ta tokare gefe da babban yatsanta yadda Mattes yake yi, ta ɗora hatimin, ta ɗan karkata shi, ta danna.

Ta ɗaga. Kofaton doki ya fito, da ɗigonsa a tsaki. Tana kallo robar ta taso a hankali, ɗigon ya fara ɓacewa, kofaton ya bi shi, bakin ya koma sumul.

Ta sake ɗorawa. Wannan karon ta jingina ɓarin da bango, ta sa hannu biyu, ta zuba duk nauyin jikinta, ta daɗe a haka. Ta ɗaga. Ya fito ya fi na farko zurfi, ya ɗan jima, ya tafi.

Daga ƙasa Erwin ya danna hon, sannan ta ji muryarsa yana tambayar Ilinca ko lafiya. Ilinca ta ɗaga murya ta ramin matakala.

"Tanti Rosina, kin gama?"

Rosina ta sassauta riƙon hatimin. Wuyan hannunta na dama ne ya fara ciwo, wani zugi mai zafi da ya taso daga gindin yatsa ya bi har gwiwar hannu. Ta tsaya cak tana saurarensa. Tun Larabar nan da Mattes ya zauna a kan kututture, wannan ne abu na farko da ta ji a jikinta ta tabbata nata ne. Ciwon ya haura kafaɗa, ya gangara ƙirji ya tsaya a can.

"Mama! Hanya da nisa fa!"

Ta gyara riƙon hatimin a hannun da ke ciwon, ta tokare da yatsa, ta sake dannawa.